Ginin da ke yoyon iska: Har yaushe za mu daina biyan kuɗin sanyaya titi?



Idan rufin sabon gini ya yi yoyo a daminar farko, babu wanda ke buƙatar injiniya ya faɗa masa an cuce shi. Ruwa ya zubo, silin ya yi taswira, an kira ɗan kwangila ya zo ya yi bayani. Akwai kuma wani yoyon da ba ya jiƙa kowa, ba ya ɓata silin, amma yana cin kuɗi kowace rana ta Allah tun daga ranar da aka yanke zaren buɗe ginin har ranar da za a rushe shi. Shi ne yoyon iska: iskar da ke kutsawa ta ƙarƙashin ƙofa, ta gefen taga, ta ramin da aka huda wa bututu, ta tsakanin bango da rufi. A ginin da aka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, kowace kafa irin wannan hanya ce da sanyin da aka saya da kuɗi yake bi ya fice, zafi da ƙura kuma su shigo su maye gurbinsa.

A Ingila, sabon babban ofis ko asibiti ko makaranta ko kanti ba ya samun takardar shaidar kammalawa sai an auna yawan iskar da yake zubarwa, an kuma tabbatar bai wuce iyakar da doka ta yanka ba. A wannan makon ina so mu dubi wannan doka, yadda aka yi ta samu, da darasin da ke cikinta ga gine-ginen gwamnati da na kasuwanci da ake ta kafawa a biranenmu.

Yadda ake gwajin ba wani siddabaru ba ne. Idan gini ya kusa kammala, sai a rufe duk tagogi da ƙofofin waje, a toshe hanyoyin iska da aka yi da gangan, sannan a kafa wata ƙatuwar fanka a bakin ƙofa ɗaya, a cikin labule mai kauri da ya rufe ƙofar ruf. Manyan gine-gine akan haɗa musu fankoki da yawa, ko a jawo babba a bayan mota. Sai fankar ta yi ta tura iska cikin ginin, ko ta yi ta zuƙo ta waje, har bambancin matsin iska tsakanin ciki da waje ya kai ma'auni 50 na abin da ake kira faskal. Wannan matsi bai taka kara ya karya ba. Kamar iska mai gudun kilomita 30 da 'yan kai a awa ce take bugun ginin ta kowace fuska a lokaci ɗaya. Tun da duk iskar da fankar ke turawa ta kafofi take ficewa, yawan abin da take turawa don riƙe wannan matsi shi ne yawan yoyon. Sai a raba shi da faɗin fatar ginin gaba ɗaya, wato bango da rufi da daɓen ƙasa, a samu lamba guda. Idan lambar ta yi yawa, akan bi ginin da ɗan hayaƙi ko da kyamarar da ke ganin zafi, a gano inda iskar ke bi, a toshe, a sake gwadawa.

Lambar da Ingila ta fara da ita ita ce 10, wato mita kubik 10 na iska a kowace awa ta kowane murabba'in mita na fatar gini. Domin mai karatu ya ga abin da ido, mita kubik ɗaya shi ne cikin tankin ruwan nan mai lita 1,000 da ake ɗorawa a saman gidaje. Ke nan doka ta ce, a lokacin gwaji, kada murabba'in mita ɗaya ya zubar da iskar da ta wuce cikin tanki goma a awa. An shigar da wannan iyaka cikin sashen dokokin gini da ya shafi tattalin makamashi a shekarar 2002, aka fara da gine-ginen da faɗinsu ya haura murabba'in mita 1,000. A 2006 aka ƙara ɗaure ta, gwaji ya zama wajibi, aka bar wa gine-ginen da ba su kai murabba'in mita 500 ba zaɓin kauce masa, bisa sharaɗin za a ɗauka a lissafi cewa yoyonsu 15 ne, su nemi inda za su cike giɓin. Daga watan Yunin 2022 kuma aka sauko da iyakar zuwa 8.

Tushen maganar yana komawa ga rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka taƙaita sayar da mai, farashin ganga ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Ƙasashen sanyi suka farka suka ga cewa wani babban kaso na man da suke ƙonawa don ɗumama gidaje da ofisoshi waje yake tafiya. Suwidin ce ta yi gaba wajen sa ƙa'idar toshe kafofin iska cikin dokar gininta a tsakiyar shekarun 1970, a can ne kuma aka fara amfani da fankar gwaji. Jamus ta zo da wani tsari mai tsanani da ake kira Passivhaus, wanda masanin kimiyya Wolfgang Feist ya jagoranta, aka gina gidan farko a birnin Darmstadt a 1991. A wannan tsari, ba a yarda iskar da ke cikin gini ta sauya fiye da kashi 6 cikin 10 na cikinsa a awa ɗaya lokacin gwaji ba. A 2007 majalisar birnin Frankfurt ta yanke cewa sababbin gine-ginen da birnin zai yi da kuɗin jama'a, irin su makarantu, su bi wannan tsari.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin dokar Ingila shi ne abin da ta sauya a filin aiki. Kafin ta, mai zanen gini zai rubuta a takarda cewa a liƙe gefen tagogi da kyau, ɗan kwangila ya sa hannu, a wuce wurin, domin babu mai iya nuna cewa ba a yi ba. Gwaje-gwajen da aka yi a wancan lokaci sun nuna gine-ginen ofis da na ajiyar kaya masu zubar da ninki biyu ko uku na iyakar da daga baya aka yanka. Da gwaji ya zama dole, sai kowa ya shiga taitayinsa, saboda fanka ba ta karɓar na goro, ba ta kuma san ɗan gidan wane ba. Wanda ya faɗi gwaji zai cire silin, ya fasa abin da ya riga ya shafe da fenti, ya nemo kafar da kuɗin aljihunsa, ga mai gini yana jiran makulli. Cikin 'yan shekaru magina suka koyi cewa ya fi sauƙi a toshe kafa tun tana a fili. Fasahar da ake buƙata ba ta wuce roba da danƙon silikon da filasta mai kyau da kulawa ba. Abin da ya rasa a da shi ne dalilin da zai sa mutum ya damu.

Na san mai karatu zai ce, to ina ruwan Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da dokar ƙasar da ƙanƙara ke zuba? Su sanyi suke tsoro, mu kuwa zafi ne ya ishe mu. Amsar ita ce, zafi bai san alƙibla ba. Kullum daga inda ya fi yawa yake kwarara zuwa inda ya yi ƙaranci. Bature a Landan cikin watan Janairu yana ƙoƙarin riƙe ɗakinsa a digiri 20 alhali waje yana digiri 3 ko 4. Ma'aikaci a Sakkwato cikin watan Afrilu yana ƙoƙarin riƙe ofishinsa a digiri 24 alhali waje ya haura 42. Tazarar kusan ɗaya ce, ɓarnar ma haka. Shi ya sa Dubai, wadda ba ta san hunturun Turai ba, ta sa wannan ƙa'ida cikin dokokinta na gini: duk sabon ginin da nauyin sanyaya shi ya kai megawat ɗaya sai an gwada shi, kuma kada yoyonsa ya wuce 10, lambar da Ingila ta fara da ita. An fara tilasta dokokin a kan gine-ginen gwamnati a 2011, aka faɗaɗa su zuwa sauran sababbin gine-gine a 2014.

Bari mu yi ɗan lissafi, irin wanda duk ɗalibin kimiyya zai iya maimaitawa. A ɗauka ga ginin ofis mai hawa biyu, tsawonsa mita 40, faɗinsa 25, tsayinsa 8. Fatarsa, in an haɗa bango da rufi da daɓe, murabba'in mita 3,040 ce. In yoyonsa 8 ne, zai zubar da tanki 24,320 a awa lokacin gwaji. In kuwa 25 ne, zai zubar da 76,000. Bambancin ya kai kusan 52,000. A rana ta yau da kullum matsin iska ba ya kai na gwaji, don haka injiniyoyi sukan raba da ashirin su yi ƙiyasi, sai a samu kimanin tanki 2,600 na iska mai zafi suna shigowa kowace awa ba tare da an gayyace su ba. Sauko da wannan iska daga digiri 42 zuwa 24 aiki ne da ya kai kilowat 15 na sanyaya. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana ba da kusan kilowat uku da rabi. Ke nan na'urori huɗu, har da ɗoriya, suna ta aiki tun safe har yamma don cike abin da kafofi ke zubarwa. Wutar da za su sha cikin awa goma ta kai ma'auni 50, wanda a farashin rukunin A ya haura Naira 10,000 a rana. In da janareta ne, kuɗin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Wani zai ce dubu goma a rana ai ba za ta karya gwamnati ba. Gaskiya ne, in gini ɗaya ne. Amma a ƙirga sakatariyoyin jihohi da na ƙananan hukumomi, da ɗakunan taro, da ɗakunan karatu na jami'o'i, da bankuna, da asibitoci, da otal-otal, sannan a ninka da shekarun da gini ke yi a tsaye. A ƙara da kuɗin na'urorin da aka sayo fiye da buƙata, da janaretan da aka sayo babba don ya ɗauke su, da gyaran da suke ci saboda ba sa hutawa. Ba mu ma taɓo ƙofar da ake bari a wangale ba. Ƙofa guda da aka tare da dutse don kada ta rufu, a rana mai irin wannan zafi, tana iya cinye aikin na'urori uku. Wannan ne ya sa Faransa ta yi doka a 2022 da ta hana shaguna barin ƙofa a buɗe alhali na'urar sanyi tana aiki, da tarar da za ta iya kai wa Yuro 750. A nan gida kuwa, wanda ya ratsa gaban wasu manyan shaguna da ofisoshi da tsakar rana yakan ji sanyi ya bugi ƙafarsa tun yana kan titi. Wannan sanyin wani ne ya biya kuɗinsa, in kuma ofishin gwamnati ne, ni da kai ne muka biya.

Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a kowane ma'auni, kafin daga baya a ɗan sassauta, jami'o'i da asibitocin koyarwa suka shiga kukan cewa kuɗin wuta na neman durƙusar da su. Mafi yawan maganar da aka yi ta tsaya ne a kan neman rangwame da kafa farantan hasken rana. Dukansu suna da amfani. Sai dai wanda ke ɗiban ruwa da kwando, in ya ce matsalarsa ƙarancin rijiyoyi ce, bai faɗi gaskiya duka ba. Farantin hasken rana da batirinsa kuɗi ne masu nauyi, kuma kowane kilowat da aka hana zubewa kilowat ne da ba sai an sayi farantinsa ba.

Mu kuma muna da ƙarin dalilai biyu da Bature ba shi da su. Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Wannan ƙura mai laushi kamar gari ita ce ke kwanciya a kan takardu a ɗakin adana tarihi, ta shiga cikin kwamfuta, ta toshe matatar na'urar sanyi, ta sauka a kan kayan aiki a ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin tiyata. Magabata sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙurar hunturu ko tsagar da allura ba ta shiga ta ishe ta. Na biyu laimar damina. Iska mai ɗauke da danshi in ta kutso ta haɗu da bututu ko silin mai sanyi, sai ta yi raɓa. Daga nan fumfuna ta kama, fenti ya ɓanɓare, ɗaki ya riƙa warin ruma, masu asma su shiga uku. A Abuja da garuruwan kudu, wahalar da na'ura ke sha wajen tsotse danshin iskar da ta kutso takan kai, ko ta zarce, wadda take sha wajen rage zafinta.

Nijeriya ba ta rasa doka gaba ɗaya ba. A 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje, a zamanin minista Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, tare da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Jamus. Ƙa'idar ta tsaya a kan ginshiƙai huɗu: taƙaita faɗin tagogi ko yi musu inuwa, sa abin tare zafi a rufi, rage wutar da fitilu ke ci, da amfani da na'urorin sanyi masu tattali. Dukansu daidai ne, kuma gaskiya rufi da gilashin da rana ke duka sun fi yoyon iska shigo da zafi a yawancin gine-ginenmu. Amma gwajin yoyon iska ba ya cikin huɗun nan. Bayan haka, tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2003 a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, an tabbatar cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ma'ana, ƙa'idar da aka rubuta a Abuja ba ta da haƙori a Kano ko Kaduna sai jihar ta mai da ita tata, hukumomi irin su KNUPDA da KASUPDA sun sa ta cikin sharuɗɗan ba da izini.

A nan ya zama dole in ja kunne, domin wannan magana tana da kaifi biyu. Ƙasashen da suka fara toshe gine-ginensu sun yi kuskuren da ya kamata mu koya daga gare shi ba tare da mun maimaita ba. Bayan rikicin mai, an toshe kafofi, aka kuma rage iskar da ake shigarwa da gangan. A Amurka, ƙungiyar injiniyoyin sanyi da ɗumi ta sauko da mafi ƙarancin iskar da za a ba kowane mutum zuwa lita biyu da rabi a daƙiƙa a ƙa'idarta ta 1981. Ma'aikata suka fara kukan ciwon kai da ƙaiƙayin ido da kasala da ke tafiya da zarar sun bar ofis, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba abin suna a farkon shekarun 1980, wato cutar da gini ke sawa. A 1989 aka ninka adadin sau uku. Daga nan ne masana gini a Ingila suka fito da taken da ma'anarsa ita ce: toshe gini sosai, ka kuma shayar da shi iska yadda ya kamata. A yau dokarsu ta tanadi lita 10 a daƙiƙa ga kowane mutum a ofis, kuma bayan annobar korona an ƙara sharaɗin sa na'urar da ke auna gurɓatar iskar numfashi a sababbin ofisoshi.

Wannan gargaɗi ya fi ƙarfi a wurinmu. Yawancin na'urorin sanyi da muke maƙalawa a bango ba sa shigo da sabuwar iska ko kaɗan. Iskar ɗakin suke juyawa suna sanyaya ta. A halin da ake ciki, kafofin nan da muke zargi su ne ke shayar da mutanen ciki iska ba da saninmu ba. In aka toshe su ba a yi wata hanya ba, aka tara ɗalibai ɗari uku a ɗakin lacca, to an haɗa musu tarkon barci da ciwon kai, an kuma shimfiɗa wa tarin fuka da sanƙarau tabarma. Ga kuma ɗaukewar wuta. Ginin gilashi da tagoginsa ba sa buɗuwa, in wuta ta tafi janareta ya ƙi tashi, cikin rabin awa ya zama tanderu. Ga hayaƙin janareta, wanda kowace shekara muke jin ya hallaka iyalai a ɗakunan da aka rufe. Saboda haka duk dokar da za mu yi sai ta zo da tagwayenta: hanyar shigo da iska mai tsabta ta cikin matata, tagogin da ke rufuwa gam amma suna buɗuwa in an so, da nisanta janareta daga inda iskar ke shiga.

Hasali ma, tambayar farko da ya kamata a yi kafin a aza tubali ita ce: wannan gini da iskar Allah zai rayu ko da na'ura? Ba kowane gini ne ke buƙatar toshewa ba. Ajin firamare, da kasuwa, da tashar mota, da ɗakin jira na asibitin karkara, duk sun fi dacewa da inuwa da rufi mai tsayi da tagogin da ke fuskantar juna. Ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana a shekarun 1950, da bangonsa mai huji-huji, an yi shi ne don iska ta ratsa. Francis Kere ɗan Burkina Faso ya ci babbar lambar yabo ta Pritzker a 2022 saboda makarantu irin ta ƙauyensu Gando, masu sanyi ba tare da na'ura ba. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa, suka mai da tsohon ɗakin karatu. Magina na da, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, sun san sirrin bango mai kauri da 'yan ƙananan tagogi: a tsare zafin rana a waje, a bar sanyin dare ya shigo.

Abin da ke cinye mana kuɗi shi ne ginin jemage, wanda bai zama tsuntsu ba bai zama dabba ba. A zana shi da tagogin luba don iska ta ratsa, daga baya a zo a maƙala masa na'urori goma. Ko a lulluɓe shi da gilashi kamar na Dubai, amma a sa masa tagogin alminiyom masu turawa gefe da yatsa ke shiga tsakaninsu, a bar ramin bututu a toshe da tsumma ko buhun siminti, saman silin kuma a buɗe har zuwa kwanon rufi. Irin wannan gini ya rasa ni'imar iskar waje, ya kuma kasa riƙe sanyin ciki.

To, ina mafita? Ba sai mun jira Majalisar Tarayya ba. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ba ta jira dokar ƙasa ba. Tun wajen 2009 ta sa a cikin takardun kwangilarta cewa duk sabon ginin da za a yi mata sai ya ci gwajin yoyon iska, 'yan kwangila kuma suka koya don suna son aikin. Gwamnati a ƙasar nan ita ce babbar mai ba da kwangilar gini. Asusun TETFund kaɗai yana gina ɗakunan lacca da na karatu da na gwaje-gwaje a kusan kowace babbar makarantar gwamnati. In shi da ma'aikatun ayyuka na jihohi suka ƙara sakin layi ɗaya a takardar kwangila, cewa duk ginin da za a sanyaya da na'ura, in faɗinsa ya haura murabba'in mita 1,000, sai an gwada shi, kuma ba za a saki kuɗin da akan riƙe na ƙarshe ba sai ya ci, to an gama rabin aikin. A fara da lamba mai sauƙi, ko 15 ce, a sanar tun yanzu cewa bayan wasu shekaru za ta koma 10. A shekarun farko ma ana iya cewa a gwada kawai a buga sakamakon, kowa ya ga kamun ludayin kowane kamfani.

Masu gwajin kuma kada su zama yaran ɗan kwangila. Sassan koyar da zanen gini da injiniyanci a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da kwalejojin kimiyya da fasaha, tare da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, za su iya mallakar fankokin, su horar da matasa, su riƙa ba da shaida bisa ƙa'idar duniya ta ISO 9972. Kuɗin kayan gwajin bai kai na motar babban jami'i guda ba. Hukumomin da ke yi wa injiniyoyi da masu zane da magina rajista su sa darasin cikin horonsu. Kada kuma a manta da masu riƙe da cebur da guduma. Birkila da kafinta da mai haɗa alminiyom da mai wayarin da mai aikin famfo, a hannunsu nasara ko faɗuwar gwajin take. Mai wayarin da ya huda bango ya wuce bai toshe ba yana iya ɓata aikin mutum ashirin. In aka nuna musu da hayaƙi inda iska ke bi, gani ya kori ji, kuma wanda ya iya wannan aiki farashinsa zai tashi a kasuwa.

Za a ce wannan wata sabuwar ƙofar cin hanci ce, a sayi takardar gwaji kamar yadda ake sayen sauran takardu. Haɗarin yana nan, ba na musunsa. Sai dai wannan gwaji yana da wata falala: ana iya maimaita shi. In an yi shakka, wani ya kawo fankarsa gobe ya sake aunawa cikin 'yan awoyi, lambar ta fito a gaban kowa. Ingancin simintin da aka binne a ƙarƙashin ƙasa yana da wuyar tantancewa bayan an gama, amma yoyon iska yana nan yana jiran duk mai son ya auna. Ginin da aka kula da 'yan kafofinsa kuwa, da wuya a ce an yi sakaci da manyan abubuwansa.

Kafin a kai ga doka, akwai abin da shugaban kowace ma'aikata zai iya yi a wannan watan da kuɗi kaɗan. Ya sa a ɗaura wa ƙofofin waje abin da ke mai da su su rufu da kansu, a liƙa roba a ƙarƙashinsu, a toshe ramukan bututun na'urori da abin da ya dace, a gyara tagar da ta ƙi rufuwa tun bara, a kuma ware lokacin buɗe tagogi da sassafe don iska ta sauya. Sannan ya ajiye takardar kuɗin wuta ko lissafin man dizal na watan da ya wuce, ya gwada da na watan da ke tafe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gine-ginen da ake aza harsashinsu a bana za su kai jikokinmu, kuma kowace kafa da aka bari a cikinsu bashi ne da aka ci da sunan waɗanda ba a haifa ba. Gwamnonin da ke shirin ba da kwangilar sababbin sakatariyoyi da asibitoci, da shugabannin jami'o'in da ke jiran kason TETFund, su tambayi masu ba su shawara tambaya ɗaya kafin su sa hannu: nawa ne yoyon iskar wannan gini, kuma wa zai auna shi?

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.